Yadda Za Ka Burge Surukai da Blandar Amurka

Kai mai neman aure, kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari surukanka ba za su taɓa mantawa da kai ba. An gwada su a Tarauni a kan Gideon, mai sayar da cajar waya a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin da yake neman auren Mercy 'yar Mama Kande.

1. Zaɓi ranar da gida ya cika

Gwaninta babu 'yan kallo asara ce. Gideon ranar Lahadi ya je bayan an tashi daga coci, ranar da Kawu Elisha ya zo daga Kafanchan musamman don ya ga mai son ɗauke musu 'ya. Abin da Kawu da Mama suka yanke a ranar shi ke nan, ko a ba shi ko a sallame shi.

2. Nemi abin da aka fi ji da shi

A gidan nan blanda ce. Miriam, yayar Mercy mai aikin jinya a Amurka, ita ta aiko wa uwarsu don ta huta da zuwa injin markaɗe. Tun da ta iso tana kan kabad cikin kwalinta, an lulluɓe ta da ɗankwali, sai babban baƙo ake buɗe wa. Ka sassauta murya ka ce, "Mama, ashe ba a taɓa jona ta ba?"

3. Kada ka bari a ƙarasa gargaɗi

Mercy ta ce, "Gideon, Yaya Miriam ta ce wutarmu ta ninka tasu ƙarfi. Sai an sayo wani ɗan akwati mai rage..."

Nan ne wurin dariya, kada ka makara.

"Haba Mercy! Caja nawa ta bi ta hannuna? Ta China, ta Dubai, ta Amurkan ma, duk wutar Kano suke sha, babu wadda ta taɓa ƙorafi."

A kan caja gaskiya ya faɗa. Kai ma in ka san abu guda da kyau, ka ɗauka ka san sauran.

4. In filogi ya ƙi shiga, laifinsa ne

Za ka tarar filoginta ƙafa biyu ne 'yan falan-falan, soket ɗinmu kuwa baki uku. Matsoraci zai ce wannan ishara ce. Kai ka ce a kawo reza. Datse filogin, fere wayoyin, cusa su a soket, ka tokare da tsinken ashana yadda ake yi wa tsohuwar fanka. Kawu Elisha ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron nan yana da hannu."

5. Zuba kayan miya, danna

Blanda ta tashi da ƙara kamar babur ba salansa. Murfi ya yi sama, attaruhu ya sauka a farar shaddar Kawu. Sai ɓus! Hayaƙi, shiru, da warin ƙonanniyar roba.

6. Ɗora wa masu wuta

"Wuta suka kawo da ƙarfi," in ji Gideon. Amma kafin ka faɗi haka, ɗaga kai. Fanka tana ta juyawarta lafiya lau, talabijin ma ko ƙiftawa bai yi ba.

Mama Kande ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Goge blandar ta yi da bakin zaninta, ta ce, "Da albashinta na farko Miriam ta saya mini."

Kunya ta rufe Gideon, irin ta gaske. Ya dubi Mercy, ta kau da kai, ya san auren na shirin bin blanda.

7. Ɗauki bokiti

Baƙi dai ba su ci abinci ba. Gideon ya kwashe sauran tumatir da tattasai a bokiti, ya je da kayan cocinsa ya bi layin injin markaɗe a Daurawa, shi kaɗai namiji a tsakiyar mata. Lahadi ta zagayo ya dawo ya sake ɗaukar bokitin ba a kira shi ba. Ta gaba ma haka.

Kawu ya ce tunda yaro ya iya ɓarna ya kuma iya tsayawa a kanta, a ba shi. Aka sha biki.

Kwanan baya Miriam ta kira ta bidiyo ta ce, "Mama, in aiko miki wata, har da akwatin rage wutar?"

Mama Kande ta juya wayar wajen ƙofa, inda surukinta ke shigowa da bokiti yana gumi. Ta ce, "A'a, bar shi. Na samu daidai da wutarmu, ko an ɗauke ma yana aiki."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da blanda, shadda, ko hannun da wuta ta ja. In an hana ka matar, kada ka nemo ni. In kuma an ba ka, ka sani da bokitin ake bayarwa, kuma ba a mayar da shi.