Hanyarku Ta Iso Gindin Mangwarona

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Gyaran Hanyoyin Karkara, uban gireda da katafila, mai cike rami, mai kwantar da tudu, wanda sa hannunsa kaɗai ke tayar da ƙura a ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyar iyali da ta injinanka manya da ƙanana, ina roƙon ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci. Ni mai aski ne. Shagona gindin wani mangwaro ne a bakin hanyar burjin da ofishinka ke gyarawa kowace bazara kafin ruwa ya sauka. Ganyensa ne rufina, jikinsa ne bangona, a nan madubina ke rataye a ƙusar da mahaifina ya kafa tun ina rarrafe. Baba ne ya shuka bishiyar, shi ya koya mini riƙon aska. Yanzu da idanunsa suka daina gani, a kan babbar saiwarta yake wuni, yana sauraron hirar masu jiran layi yana gyara musu ƙarya.

Ban rubuto don in ce ba ku aiki ba. Wane ni! Wasu garuruwan kuka suke ba a kai musu hanya ba. Mu kuwa, albarkacin ƙwazon ofishinka, hanyar ce da kanta take tahowa wurina kowace shekara, ba ta gajiya, har ta kusa hawa kujerar aski. A kan wannan alheri da ya yi mini yawa nake son in yi 'yan koke-koke, cikin ladabi.

Na ɗaya, batun maƙwabciyata. A tsallaken hanya, daidai saitin shagona, akwai wata baiwar Allah mai sayar da ayaba da lemo da dafaffen ƙwai. Sunanta na yanka ya ɓace tuntuni, kowa Aradu yake ce mata, kuma wanda ya sa mata sunan bai zalunce ta ba. Shekarun baya wuƙar giredarku ta taɓa ƙafar teburinta, lemo ya watse a hanya. Ta shiga gida ta fito da taɓarya, ta tsaya a gaban injin da ya fi ɗakinta girma, ta karanta wa direban tarihin danginsa har kaka na bakwai, alhali ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Tun daga ranar, da ta ji rurin gireda daga nesa sai ta fito bakin hanya ta dogara taɓaryarta. Shi kuma direban, da ya hango ta, sai ya murza sitiyari ya kauce. To, ranka ya daɗe, hanya gefe biyu gare ta. Wanda ya kauce wa Aradu, wa zai faɗa wa in ba ni ba?

Bara ma ba ta gari, ta tafi ganin 'yarta da ta haihu. Taɓaryar kawai ta jingine a jikin teburi ta yi tafiyarta. Ina tsaye ina kallo direbanku ya iso, ya dubi taɓaryar, ya rage gudu, ya ɗaga mata hannu, ya kauce kamar kullum. Ina tambaya cikin girmamawa: a ofishinka, wace kujera taɓarya ke riƙe da ita? Don na lura umarninta ya fi na injiniya saurin aiki.

Na biyu, direban kansa. Kada wasiƙar nan ta ja masa ko da harara, don mutumin kirki ne. Mu Ayi-Haƙuri muke kiransa, saboda ba ya sauke wuƙar injinsa a ƙasa sai ya leƙo ta taga ya ce, "A yi haƙuri, Mai Aski, ɗan kaɗan zan taɓa." Aikinsa kuwa gwanin kyau. Zai yanke lambatu, ya jawo tsakuwar da ta gangara gefe ya mayar da ita tsakiya, ya yi wa hanya doro don ruwa ya riƙa zubewa. Abin da ya rage shi ne, duk shekara sabon lambatun a gefena yake yankawa, ɗan gaba da na bara, ƙasar da ta rage kuma ta tafi ta cike na gefen Aradu. Da haka ɗan kaɗan ya ci dangata. Ɗan kaɗan ya ci 'yar gonar tumatirin maiɗakina, wadda har yau in ta tashi yi mini gori da ita take farawa. Ɗan kaɗan ya ci filin da nake ajiye bencin masu jira. Yanzu wanda ya zo aski a bakin lambatu yake zama, ƙafafunsa na reto a ciki kamar mai jiran kwalekwale.

Za ka ce me ya hana ni yin magana. Ranka ya daɗe, ni a gidanmu an koya mini cewa baƙo ruwa ake ba shi, ba baƙar magana ba. Duk shekara in ya gama cin filina, sai in kai masa ruwan sanyi, shi kuma ya sauko ya zauna a kujerata in yi masa aski, don ƙura takan cika masa kai. Ka dubi wannan hali. Aska na hannuna, maƙogwaronsa na gabana, ya rufe ido ya miƙa mini wuya, amma abin da ke fita daga bakina shi ne, "Sannu da aiki, ya iyali?" Mutane suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ni dai na dafa tsakuwa shekara da shekaru, har yau ƙura nake sha.

Na uku, kwanar da kuka yi mana kyauta. A zamanin da Baba ke riƙe da aska, hanyar nan miƙaƙƙiya ce, kana zaune kana hango mota tun tana ɗigo. Yau ta yi ciki, ta lanƙwaso wajena, har direbobi sun raɗa wa wurin Kwanar Aradu. Ka ji rashin adalci: filina aka ci, sunanta aka sa. Duk motar da ta sha kwanar sai ta watso mini tsakuwa. Ran nan ina gyara wa limaminmu gemu, wata motar itace ta wuce, tsakuwa ta sami gwiwar hannuna. Abin da ya faru da gemun ba zan rubuta shi a takardar da za ta shiga ofis ba. Liman dai ya yi mako biyu yana ja mana salla da rawani har hanci, kuma har yau in ya zo kan wa'azin masu gaggawa a sana'a, ni yake kallo.

Na huɗu, kwalbatinku. Ofishinka ne ya gina shi da siminti a ƙarƙashin hanya don ruwa ya riƙa wucewa. Ina farin cikin sanar da kai cewa yana nan lafiya ƙalau, ko tsagewa bai yi ba, domin hanya ta daɗe da tafiya ta bar shi. Yana can zaune shi kaɗai a tsakiyar filin da ya ƙaru a ƙofar Aradu, awakinta na kwana a ciki. Ruwan da aka gina shi dominsa kuma gindin mangwarona yake taruwa yana wanke saiwa. Shin ofishinka bai taɓa kewar wannan kwalbati ba? Ba wanda ya taɓa tambaya ina hanyar da aka ɗora masa ta tafi?

Na biyar, wanda shi ne ya sa na ajiye aska na ɗauki alƙalami. Makon jiya wasu samari suka zo daga ofishinka da na'ura mai ƙafa uku. Yara masu ladabi, har ƙasa suka gaida Baba. Suka leƙa, suka auna, suka kakkafa turaku masu jan ƙyalle inda lambatun bana zai bi. Na ce musu hanyar ba nan take ba asali, ga kwalbati can shaida. Suka ce su hanyar da suka tarar aka aiko su aunawa, ba wadda ta tafi ba. Turke ɗaya a bayan mangwarona suka kafa shi. Kafin su tafi, ɗayansu ya ce in ɗan ɗaga madubina, ya shafa wa bishiyar jan fenti, ya raɗa mini a kunne, "Mai Aski, wannan ta shigo hanya." Ranka ya daɗe, ina roƙon a binciko mini: tsakanin bishiya da hanya, wa ya iske wani? Tun da nake ban taɓa ganin mangwaron nan ya ɗaga ƙafa ba.

Mu masu sana'a mun san aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to ga shi ya zo. Ban gaya wa Baba maganar fentin ba, na kuma roƙi masu zuwa aski su kama bakinsu. Bara da wuƙar gireda ta datse bakin saiwar da yake zama a kai, ya daɗe yana shafa wurin da tafin hannunsa, ranar ko abincin dare bai ci ba. Shekaranjiya da safe yana zagaya bishiyar da sandarsa kamar yadda ya saba, sai sandar ta bugi turken. Ya sunkuya ya lalube shi, ya murza ƙyallen a yatsunsa. Ya ce, "Kai, akuyar wa za a ɗaure a nan?" Na ce ban sani ba, Baba. Sai ya ce, "To, ka ce wa mai akuyar ya ɗan jira ni, ba zan daɗe ba." Wallahi, ranka ya daɗe, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na juya ina wasa askar da na riga na wasa, don kada mutane su ga idona.

Sai dai Allah ba ya rasa yadda zai yi da bawansa. Jiya da hantsi sai ga Aradu ta tsallako, taɓarya a kafaɗa. Masu jiran layi suka watse, har da wanda na aske wa rabin kai. Ashe ita ma ta ji a jikinta. Hanyar da ta yi shekaru tana kora ta yi mata nisa, motoci sun daina tsayawa a teburinta. In fasinja ya ce lemo, sai ta ɗauki faranti ta ratso filin nan da gudu, ga ciwon gwiwa, kafin ta iso mota ta tashi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai Mai Aski, ashe munafuncinka ya kai haka? Kana sunkuyar da kai kamar na Allah, kana ba direba ruwan sanyi, ashe hanyata kake janyewa! To ka dawo mini da abata!"

Baba ne ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun bara, ya ce, "Yarinya, ai abin da ya kore ta daga can shi zai kore ta daga nan. Ki canza wa taɓaryarki wurin tsayuwa mana." Aradu ta dubi turken, ta dubi jan fentin, ta dubi tsohon. Ba ta ce uffan ba, wanda a tarihin garin nan ba a taɓa gani ba. Ta tumɓuke turken, ta tsallaka ta kafa shi a bakin kwalbatinku, ta dawo ta jingine taɓaryarta a jikin mangwaro, daidai kan fentin. Ta ɓare ayaba ta sa wa Baba a hannu, sannan ta gargaɗe ni cewa in wani abu ya sami taɓaryar, ni zan gane kurena.

Saboda haka, ranka ya daɗe, buƙatata ƙarama ce. Ba na neman dangata, ba na neman tumatirin maiɗakina, gorin ma na saba da shi. Tausayin Ayi-Haƙuri nake ji. Bana zai iso ya tarar da umarnin ofis a gefe ɗaya, taɓarya a ɗaya gefen, kuma ni da kai mun san wanda zai bi. Don kada a ce ya saɓa wa na gaba da shi, ina roƙon ka rufa wa ofishinka asiri, ka riga taɓarya ba da umarni: a mayar da hanya kan kwalbatinta, a mayar wa Aradu da fasinjojinta, a bar wa tsoho inuwar da ya shuka da hannunsa.

In kuma ka ga lallai sai an sare, to ina gayyatarka ka zo da kanka. Zan yi maka aski kyauta, hannuna ba ya rawa in ba mota ta wuce ba. In na gama, ga Baba nan a kan saiwarsa, sai ka durƙusa ka gaya masa ko akuyar wa ce, don ni dai bakina ya kasa.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka, ya sa ka fi giredarka sanin inda za ka tsaya.

Naka mai biyayya, wanda bai taɓa ɗaga wa ma'aikacinka murya ba, ga kuma inda hakan ya kai shi,

Mai Aski na Gindin Mangwaro,
muddin akwai mangwaron.