Na Wanke wa Zarton Hukuma Sarƙa

Yau da safe mai ɗakina, Na'ima, ta ajiye mini koko a bakin ƙofa, ta ce kada in sake taɓa mata kofi sai warin kananzir ya bar hannuna. Na wanke da omo, na cuɗa da toka, na goga lemun tsami, amma har yanzu in na miƙa hannu a masallaci sai in ga mutum ya tuna yana da tari. Yatsuna duk yanka ne. Tasar wankinta kuwa ta tashi daga aiki har abada. A hidimar hukuma na samo duk wannan, kuma tunda ba mai ba ni lambar yabo, ku saurare ni ko na huce.

Ina da maƙwabciya, Inna Bilki, tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin hanyar da ta nufi iyaka. Direbobin Maraɗi sun san kaskonta fiye da yadda suka san tukunyar gidajensu. Ɗaki ɗaya gare ta, na ƙasa, mijinta ya gina kafin ya rasu, kuma in ba shi ba, ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta. Bayan ɗakin akwai wani ƙaton bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Da aka yi iskar farkon damina sai saiwarsa ta ɗago, ya karkato, ya tsaya yana leƙen rufinta. Kowa ya gani ya san ruwa na gaba ne zai ƙarasa shi.

Za ku ce mu ɗauko gatari mana. Ai mun ɗauko. Sai aka tuna mana cewa itacen bakin hanya na hukuma ne, wanda duk ya sa masa ƙarfe zai kwana inda sauro ya fi mutum galihu. Ballantana ma hukuma ta riga ta yi mana gata: bara aka ƙaddamar mana da zarton inji na yankan itace, don irin wannan rana.

Da ni aka yi bikin. An kafa rumfuna, an ɗauko makaɗa, Mai Girma Babban Mai Yanke Ƙyalle ya iso da jerin motoci, man da suka sha kaɗai ya isa a yanke duk itacen da ke tsakanin nan da Bugaje. Ya ce daga ranar an yi ban kwana da faɗuwar itace a kan talaka. Muka tafa har hannu ya yi ja.

To, kun san al'adarmu in babban mutum zai zo. Duk abin da ba ya motsi sai an shafa masa fenti. Duwatsun bakin hanya, gindin itatuwa, tsofaffin tayoyi, ko jaki ne ya cika tsayuwa wuri ɗaya sai ya bar wurin da farar ƙafa. Ashe zarton ma bai tsira ba. Wani mai kishin aiki ya ga launinsa bai dace da na rumfa ba, ya bi shi da fenti kaf, har da sarƙar da ke yin yankan. Daga wurin biki aka wuce da shi sito.

Mai riƙe da makullin siton shi ne Malam Kalilu, mutumin kirki, wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa ba kowa komai ba. Na je na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, bedi na shirin kashe tsohuwa. Zarto muka zo aro."

"Nagoggo, inji lahiya lau yake," in ji shi. "Sarƙar ce ta ƙi juyawa. Amma mun kai maganar sama."

"Yaushe za ta sauko?"

"In Allah ya so, bayan damina."

Na ce ai bedin ba zai jira ba. Ya dubi hagu da dama, sannan ya ce in har za mu iya gyarawa mu ɗauka, amma shi bai gan mu ba. Ya ƙara da cewa in zarton hukuma ne ya yi yankan, to hukuma ce ta yanke, ba mai kama mu. Na daɗe ban ji hikimar gwamnati da ta yi mini daɗi irin wannan ba.

Na kai zarton wurin Arzika bakaniken babura, wanda ya taɓa zama a kurmi, kuma tun da ya dawo ba a gama hira da shi bai ambaci katako ba. Ya kwance noti, ya cire murfi, ya zare sarƙar. Jama'a, sarƙa ta tsaya a sandare kamar busasshen maciji. Fenti ya haɗu da tsatsa da ƙura sun zama dutse. A ɗan ramin da mai ke bi ya jiƙa sarƙar, zanzaro ya gina gida har ya yi iyali.

"Kananzir za ka samo," in ji Arzika, "da tasa, da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kawo mani ruwa, tsatsa za ta ƙara ci."

Neman kananzir a garin nan aiki ne na mai dogon numfashi. Sai da na zagaye 'yan bumburutu kafin na samu kwalba ɗaya. A hanyar dawowa masu shinge suka tsayar da ni, suna so su san ko ƙetare zan kai ta. Ina cikin rantsuwa wata babbar mota ta wuce mu, an lulluɓe ta da tamfol, warin fetur na bin ta a baya. Na ga jami'in ya ɗaga mata hannu cikin ladabi. Da na dube shi sai ya ce albasa ce. Allah ya ƙara wa idonsu haske, da ba don su ba da kwalbata ta durƙusar da tattalin arziƙin ƙasa.

Muka jiƙa sarƙar a tasar Na'ima har fentin ya fara saki. Daga nan sai zaman gurza. Kowace gaɓa sai ka goge ta da buroshi, ka lanƙwasa, ka miƙe, har ta yarda ta yi motsi, sannan ka wuce ta gaba. Haƙoran ba su da kaifin yanka itace, amma na yanka yatsa suna da shi. Arzika ya sa guntun waya ya ƙwaƙule kwarin ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, ya tashi zanzaro daga gidansa ba sanarwa. Da ta bushe ya ɗauko siririn magagari ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana turawa gaba kawai, yana ba kowanne daidai da ɗan'uwansa don kada yanka ya karkace. Muka shafe ta da mai, ya mayar, ya ɗaure yadda in ka ja ta za ta ɗan ɗago ta koma.

Gwajin farko hayaƙi kawai muka samu. Arzika ya zagi itacen, ya zagi mai fenti, sannan ya lura a juye ya ɗaura sarƙar, haƙoran na kallon baya. "Gwada ka nike," in ji shi.

Duk wannan hidima hadari na haɗuwa a gabas. Inna Bilki ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Nagoggo, in kwashe kayana ko in bari?"

"Bari, Inna. Yau ɗin nan za mu raba ki da wanga icce."

Da bakina na faɗa, kuma har yanzu kunyar maganar ba ta sake ni ba.

Da aka juya sarƙar daidai, zarto ya yi wata ƙara, ya ratsa kututturen da muke gwaji da shi kamar wuƙa a kabewa. Ƙarar ce ta jawo mana. Ba mu kai ga saɓa shi ba sai ga Malam Kalilu a kan babur. Ya dubi sarƙar tana ƙyalli, ya riƙe baki.

"Kai! Wanga ai sabo ne! Allah shi yi maku albarka. Dama Mai Girma na tahe cikin makon ga, kuma ba mu da abin ƙaddamarwa."

Na ce ya ba mu daga nan zuwa la'asar kawai. Na nuna masa hadarin, na nuna masa ɗakin.

"Haba Nagoggo, kamar ba mai hankali ba. In kunka yi aiki da ita ai datti za ta yi."

Ya ɗaure zarton a bayan babur ya tafi. Raina ya ɓaci.

Muka kwashe kayan tsohuwa zuwa zaurena. Bayan la'asar ruwa ya sauko da iska, muna tsaye muna kallo bedin ya kwanta a kan ɗakin. Inna Bilki ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Washegari ni da Arzika muka tone ƙasa muka zaro azarar da ba ta karye ba, muka jera a gefe inda ya bushe. Azarar giginya ce mai kyau, irin wadda yanzu sai mai hali. Muka ce in dai akwai ta, mutanen unguwa za su taru su tayar da bango a mayar da rufi. Sai a lokacin na ga tsohuwa ta yi murmushi.

Jiya Mai Girma ya zo, aka haɗa ƙaddamarwa da jaje don a rage ɓarnar dukiyar jama'a. Masu hoto suka jeru. Malam Kalilu ya tayar da inji ya miƙa masa da hannu biyu. Bedin yana kwance cikin caɓi, takalmin Mai Girma kuwa fari ne tas. Ya duba ya ga itace a jere a busasshen wuri, ya nufe shi.

"Ranka shi daɗe, azarata ce!" in ji Inna Bilki. Amma wa zai ji muryar tsohuwa a cikin ƙarar inji da ta maroƙa?

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gutsuttsura. Da ya gama ya share zufa, ya sanar da cewa wannan gudummawar makamashi ce ga baiwar Allah don ta ci gaba da sana'arta ta ƙosai. Aka yi guɗa. Motoci suka tashi, bedin na nan inda yake.

Inna Bilki ta tsuguna ta ɗauki guntu ɗaya, ta juya shi a hannunta, ta dube ni.

"Ɗan nan, da ka bar sarƙar nan da dattinta."

Har yanzu tana zaurena. Amma in kun ci karo da hoton a waya, ku ɗan matso da shi ku dubi bakin yankan. Sumul yake, ko tsiro ɗaya babu. A duk ayyukan da aka ƙaddamar a garin nan, wannan ne kaɗai na ga ya yi aiki, kuma hannuna ne.