Hanyar da Na Ba Rabin Maki

Lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, ina ƙaramin jami'i a ma'aikatar gona a Sakkwato, kaina cike da sabon lissafin da na karanto: maimakon ka ce hanya mai kyau ce ko marar kyau, sai ka ba ta maki tsakanin biyun. Aka ce in tsara kai takin zamani wani ƙauye, inda babban soja zai raba wa manoma. Zumuɗi ya hana ni zama. Na ba gajeriyar hanyar fadama rabin maki, lissafi ya ce motocin taki su bi ta, alhali ana tsakiyar damina.

Ranar taro ina ta kai da kawowa gaban rumfa, ina leƙen hanya. Sojan ya dubi agogo. "Ina takin?"

"Ranka ya daɗe, bisa lissafi ya kusa."

Sai ga taki bisa jakuna. Motoci na can cikin laka. Ashe rabin da ba shi da kyau suka fara tararwa.

Har yau in na tambayi abinci, matata kan ce, "Maigida, shinkafar ga rabinta ya dahu. In zubo?"