Goyon da Aka Yi Mini a Tsibiri

Ba zan taɓa mantawa da farin wandon nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen tsibiri ba za su bari ba.

Shekarun ƙarshe ne na mulkin Faransa. Fitowata lakkwal, wato makarantar boko, ke nan aka ɗauke ni tafinta a biro, wato ofishin kumandan na Gaya, kai ya kumbura. Na ɗinka farar riga da farin wando iya gwiwa, na sayi safa da takalmi sau-ciki, har da hular Nasara mai kama da ƙwarya (ta fi kaina girma, sai da na cusa tsumma a ciki). In na gai da mutum da Hausa, gani nake alfarma na yi masa.

Wata rana kumandan ya yi baƙi daga ƙasarsu, wani Bature da matarsa, masu yawon buɗe ido. Suna son ganin dorina da wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara, aka ce in raka su a jirgi mai inji. Daɗi kamar ya kashe ni, domin tsibirin nan garin su Zali ne, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Gaya, wadda nake mutuwar so. Kawuna ya riga ya sa Juma'a mai zuwa zai je neman mini aurenta. Ban taɓa ganin ubanta ba, amma na ƙudura yau zai san irin surukin da Allah ya ba shi.

Muka isa da hantsi. Ruwa ya janye, jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, tsakaninmu da tudu laka ce har gwiwa. Maigari ya turo ƙarti suka goya Baturen da Madam suka kai su tudu, yadda aka saba yi wa Nasara. Matuƙin jirgi ya ce mini, "Tafinta, tuɓe takalmi ka taho." Na dubi safata, na dubi matan da suka yi cirko-cirko a gaɓa, ga Zali a cikinsu. Sai na yafito wani dattijo da ya shigo ruwa da wando a naɗe yana riƙe da igiyar jirgi.

"Kai tsoho, zo nan!"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni kaka kira, ɗana?"

"Akwai wani ne? Duƙa!"

Ya duƙa, na ɗare bayansa, har da cewa "dusuma, dusuma" kamar yadda na ji Madam ta ce wa nata mai goyon, wato a yi a hankali. Gaɓa ta yi tsit, na ɗauka kwarjinina ne. Zali ta saki ƙwaryar hannunta ta rufe fuska ta shige gari da gudu, na ce kunyar masoya ce.

Ya sauke ni a tudu, ko ɗigon laka bai taɓa ni ba. Sai maigari ya matso yana salati. "Haba Baban Zali! Kai da ka taho kama igiya kaɗai?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yinin nan aka zaga da baƙi wurin banda kifi da wurin saƙar taru, ban san abin da na fassara ba. Baturen ya tambayi sunan wani tsuntsu, na ce masa tsuntsu. Zuciyata ta gama gaya mini na yi asarar Zali, a kan safa.

Ran Juma'a Kawu ya je ya dawo, ya zauna yana kallona da dariyar mugunta. "Ya ba ka. Amma ya ce tsufa ya kama shi, ƙafafunsa ba su son laka. Ran ɗaurin aure za ya dawo daga kamun kifi, kai za ka fiddo shi daga kwalekwale. Cikin fararen kayan nan naka, har hular."

Haka kuwa aka yi, a gaban tsibiri kaf. Tsohon da na raina, ashe nauyinsa ya kai buhun shinkafa, ga shi yana raɗa mini a kunne, "Dusuma, ɗana, dusuma." Hula ta bi ruwa, takalmina ɗaya har yau yana cikin lakar nan. Sai da na sauke shi aka raba goro.

Ni da Zali yanzu har da jikoki, kuma duk sun iya "dusuma" kafin su iya sunana. Tun daga ranar in na ga laka tuɓe takalmi nake. In kuwa ya zama dole ka hau bayan mutum, to ka fara tambaya ko yana da 'ya.