Takalmin Kaka Oddvar a Tsakar Ɗaki

"...lafiya lau, Kaka, sai ruwa. Kai! Wannan warin fa, kai ne ko karen?"

"Cire takalminki kafin ki zage ni, ja'ira!"

Tiril ce ta shigo, jikar maƙwabcina Oddvar, rungume da wani faffaɗan farantin roba cike da ɗanyar ciyawa har da ƙasarta. Ni ina gefe ina shan kofi. Kwana goma sha tara ke nan ana ruwa a birninmu Bergen, kuma ba wanda ya fasa fita sai Truls, tsohon karen da Oddvar ya ɗauko daga gidan karnuka marasa gata bayan rasuwar matarsa Borghild. Da ya ji ɗigon ruwa a taga, sai ya shige ƙarƙashin kujera yana makyarkyata. Ba ya fita, ba ya kuma yarda ya yi a ɗaki, sai ya riƙe fitsari har ya kufce masa. Likita ya ce hakan zai lalata masa ƙoda. Uwar Tiril kuwa ta rantse in ba a gyara ba zuwa Juma'a, za ta mayar da shi inda aka samo shi. Ran nan Laraba ce.

"Me kika kwaso mini? Gona?" in ji Oddvar.

"Banɗakin abokinka ne. Daga lambunmu na yanko."

"Wato yankan ciyawa aka tura ki jami'a ki koyo."

"Kai da ka yi shekara arba'in a teku, ka kama kifin da ya fi motar bas, amma kare ɗaya ya gagare ka?"

"Ya fi bas ɗin mana! Kakarki ta gani da idonta."

"Kullum shaidarka tana maƙabarta."

Ta kai farantin banɗaki, ta jawo Truls da lallashi. Ya shinshina ciyawar, ya juya sau biyu, ya kwanta a kai abinsa.

Oddvar ya ƙyalƙyale da dariya. "Madalla da ilimi! Kin kawo masa katifa. Ni ma na shimfiɗa masa jarida, har waƙa na yi masa, ko ɗigo."

"Waƙarka? Ai dole fitsarin ya koma ciki. Saurara, tsoho. Na kira matar gidan karnukan. Ta ce shekara goma mai shi na farko yana fita da shi, don haka ba ya yi sai ya ga takalmi a ƙafa, rigar ruwa a jiki, igiya a wuyansa. Saka takalminka na ruwa, ku zaga falo, ku shiga banɗaki."

Na ajiye kofina a hankali. A garinmu ba mai shiga gidan mutane da takalmi, amma na Oddvar ya wuce misali. Ranar da ya faɗi a kicin, masu motar asibiti ma sai da suka cire nasu kafin ya yarda su ɗaga shi.

"Takalmi? A kan katakon da kakarki ta yi shekara hamsin tana gogewa? Uwarki ma da ta shigo da takalmi ranar bikinta, koro ta na yi."

"Sau nawa katakon ya sha fitsari a makon nan?"

"Fitsarin ɗan gida ne. Takalmi kuwa na titi ne."

"To zauna da katakonka. Daga Juma'a sai ka riƙa yi masa ina kwana."

 Wallahi tsohon ya ba ni tausayi, don na san kafin zuwan karen nan yakan wuni bai ce wa kowa uffan ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar banɗaki, sannan ya miƙe.

"Saki labule. In wani ya ji labarin nan, na cire ki daga gado."

"Wane gado? Kujera biyu da ƙaryar kifi?"

Ya zura takalman roba, ya saka rigar ruwansa ruwan ɗorawa, har da hula. Ai kuwa Truls na jin ƙarar igiya ya fito yana kaɗa wutsiya. Suka zaga teburin cin abinci sau uku, Oddvar yana takawa da yatsun ƙafa kamar ɓarawo, Tiril tana bin su tana cewa, "Hattara da motoci, Kaka!" Daga nan suka shige banɗaki.

Muka kasa kunne. Can sai muka ji shaaa, kuma ya daɗe bai tsaya ba.

"Ya yi! Ya yi, ɗan albarka!"

Oddvar ya fito yana goge ido da hannun riga.

"Kuka kake yi, tsoho?"

"Ruwa ne ya jiƙa ni."

"A cikin ɗaki?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya buɗe akwatin Borghild, ya ciro safar ulu, ta ƙarshe da ta saƙa, wadda bai taɓa barin kowa ya taɓa ba, ya cusa wa Tiril a hannu.

"Kin ci, ja'ira. Kira uwarki, ki ce ranar Juma'a ta zo shan kofi kawai." Ya dubi sawun takalminsa a kan katako, ya ƙara da cewa, "Amma ta cire takalmi."