Mesar da Na Zaɓa Kamar Ragon Layya

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena (uwargida ta yi haƙuri), ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Abhur ba, ranar da na tona wa kaina asiri da bakina, da ƙarfi kuma, a gaban manyan mutane.

Bari in fara gaya muku yadda nake, kada ku hasko wani ƙato. Ni ɗan firit ne. In zan tuƙa babbar motar gidan da nake aiki, sai na ɗora matashi biyu a kujera kafin in hango titi. A lokacin direba ne ni a gidan wani attajiri da ake kira Abu Nayif, can bakin teku a arewacin Jidda. Shi ne kafilina, wato da sunansa aka yi mini iƙama, takardar izinin zama, ranar da ya ce halas, an gama, kuwa sai jirgin Kano. Mu biyu ne direbobin gidan, ni da wani ɗan Sudan dogo, kyakkyawa, mai ƙamshin turare. Sai labari ya fito daga kicin cewa maigida ya ce direba ɗaya ya ishe shi. Iƙamata saura wata biyu ta ƙare. Na dubi ɗan Sudan, na dubi kaina a madubin mota, na san wanda za a sallama. Ga 'ya'ya huɗu a gida suna makaranta. Gaskiya hankalina ya tashi.

Ana cikin haka, wata rana na ɗauko maigida daga ofis, sai na ji yana ƙorafi a waya. Wai wani abokinsa ya ajiye maciji a cikin akwatin gilashi, duk baƙon da ya je sai ya yi ta santi, shi ma yana so, amma wa zai kula masa da shi? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ya ammi," na ce, "ai maciji gadon gidanmu ne. Kakana gardi ne."

Na yi masa bayanin gardawa da gurguwar Larabcina: mutanen da ke rataya maciji a wuya suna rawa a kasuwa, dafi ba ya kama su. Na ce da maciji aka yi mini wasa tun ina cikin zanen goyo. (Ƙarya ce tsagwaronta. Sau ɗaya na taɓa kallon gardawa a kasuwar garinmu, shi ma daga saman katanga.) Maigida ya leƙo fuskata ta madubi ya ce, "Wallah? To yalla, ranar Alhamis ka je ka zaɓo mini. Da la'asar ina da baƙi, kai za ka nuna musu." A raina na ce shi ke nan, ɗan Sudan ya haɗa kayansa.

Shagon yana Bagdadiyya, a wani lungu, cike da tsuntsaye da kunkuru da wari. Mai shagon Bahaushe ne haifaffen Jidda, sunansa Usman, Hausarsa rabi duk Larabci ce. Na ce masa mesa nake so, irin wadda suke kira bowa, mai sanyin hali. Ya dube ni daga hula har takalmi, kallon bai ɗauke shi lokaci ba.

"Ya akhi, kai ne za ka riƙa ɗaukarta? Kai kaɗai?"

Na ce ni ne.

Ya shiga ciki ya fito da wani ɗan maciji namiji, tsawonsa bai fi hannuna da rabi ba. Yana ta zaro harshe, yana bin hannun Usman yana hawa kafaɗarsa. "Shuf," ya ce, "wannan miskini ne. A hannun mutane aka haife shi, ya saba, ba ya cizo. Kuma ba zai yi girma da yawa ba. Daidai jikinka."

Wannan "daidai jikinka" ita ta ɓata komai. Tun ina firamare ake zaɓo mini abin da ya yi daidai jikina, na gaji. Ban da haka, ni a idona wannan ɗan abin da ba ya zama wuri ɗaya shi ne mafaɗaci. Kuma in je gaban attajiran Jidda da wata 'yar igiya in ce ni jikan gardi ne?

Sai idona ya kai can ƙuryar shago, daidai ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wata uwar mesa ce a naɗe cikin akwati, kaurinta ya fi cinyata (na san wannan ba wani babban yabo ba ne), ko motsi ba ta yi. Ni kuwa abu ɗaya na iya zaɓa a duniya, ragon layya. Mahaifina ya koya mini: ka nemi mai jiki, ka dafa bayansa ka ji tsoka, ka ga wanda ya tsaya shiru ba ya fizge-fizge. Na tattaro duk ƙarfin halina na sa yatsa biyu na dafa bayanta. Shiru. Na ɗan bubbuga ta. Shiru. Har matsa ta na yi in ji ko akwai kitse.

"Wannan ita ce mai haƙuri," na ce. "Ita nake so."

Usman ya ɗaga hannu biyu. "La, la, la. Wannan ba haƙuri ba ne, ya akhi, sanyi ne. Jiya aka kawo ta, ban gama shirya mata wuri mai ɗumi ba. Maciji in ya ji sanyi sai jikinsa ya mutu. In ta ji zafi, wallah wata aba ce daban. Kuma irin wannan mutum biyu ke ɗaukarta. Ba a sa ta a wuya, abadan."

"Malam Usman," na ce, "ni za ka koya wa maciji?"

Ya dube ni, irin kallon da likita ke yi wa wanda ya ƙi shan magani. Sannan ya ce, "Ala kefak, yadda ka so." Shi da wani maƙwabcinsa suka kinkimi akwatin suka sa a bayan mota. Na ƙure mukayyif ɗin motar saboda zafin gari, muka kama hanyar Abhur. Har muka isa baiwar Allah ba ta ɗaga kai ba, ni kuwa ina ta yaba wa kaina iya zaɓe.

Bayan la'asar baƙi suka hallara a farfajiya, kusa da wurin wanka. Dattawa ne wajen goma, fararen riguna tas, ana zuba musu gahawa da dabino. Wanda ya san Jidda ya san zafinta mai ɗanko, wanda ko a inuwa kake sai ka jiƙe. Na tuɓe jallabiyata, na rage daga ni sai singileti da wando mai zariya, don haka na tuna gardawa suke fitowa. Ɗan Sudan ya taya ni buɗe akwatin daga nesa, da sandar goge-goge. Da ƙyar na ciccibo ta na rataya a kafaɗa saboda nauyi.

Na san dole a yi kirari, ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Sai na murtuke fuska na shiga jero sunayen garuruwan da ke kan hanyar garinmu da babbar murya: "Wudil! Kacako! Birnin Kudu!" Dattawa suka yi tsit suna gyaɗa kai, sun ɗauka wani babban sirri ne.

Minti biyar na yi ina zagaya su a cikin rana. A na shida sai na ji wani abu ya motsa a bayan wuyana, kamar an ɗaure tsoka. Kanta ya taso a hankali ya tsaya daidai kunnena, harshe yana fita yana komawa. Kafin in ce me ke nan, ta zagaye ƙirjina, ta haɗa da hannuna na dama ta matse. Daga baya an ce mini ba cinye ni ta so yi ba, wurin riƙo kawai take nema don kada ta faɗi. To ni ba wanda ya gaya mini haka a lokacin.

Baƙi suka hau tafi. "Masha Allah! Masha Allah!" Sun zaci wasan ne ya yi daɗi.

Jelarta ta gangara tana lalube, ta sami bakin wandona ta maƙale, ta tura ƙasa. Zariya ta tsinke. Da hannu ɗaya da ya rage mini sai in zaɓa, ko in tare kanta daga fuskata ko in tare wando. Na zaɓi fuska. Wando ya sauka har idon sawu, ya harɗe ni, na zube a kan ciyawa ni da mesa gaba ɗaya.

A nan ne jikan gardi ya buɗe baki.

"Wayyo Inna! Wayyo Allah! Ku cire ta! Wallahi ƙarya nake yi, kakana tela ne!" Da na tuna ba sa jin Hausa, sai na maimaita musu da Larabci don kada wani ya rasa: "Khayyat! Jaddi khayyat!"

Tafi ya tsaya. Dattawa biyu suka haye kujera. Ɗan Sudan, duk tsawon nan nasa, ya ruga ya shige mota ya kulle ƙofa. Maigida yana ta ihu a kira wani, bai san wa za a kira ba.

Sai ga Hajiya Balaraba, dattijuwar da ke dafa abincin gidan, 'yar wajen Sakkwato, ta fito da farantin sambusa. Ta tsaya ta kalle ni. Ta ajiye farantin a kan tebur a hankali, har da gyara masa zama.

"Ɗan nan, daina shure-shure, ƙara matse ka za ta yi," ta ce. "Ai kamar rawani ne, ta jela ake kamowa."

Ta kama jelar ta shiga warwarewa zagaye bayan zagaye, tana ce wa mesar, "Haba 'yar nan, sake shi, babu abin ci a jikinsa." Ta ja ta ta mayar akwati, ta rufe. Sannan ta yaye mayafinta ta jefa mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Rufa, akwai manya." Wallahi da mesar ta haɗiye ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'a ban fito daga ɗaki ba sai masallaci. Na haɗa jakata, na zauna ina tunanin abin da zan ce wa 'ya'yana. Asabar da safe maigida ya aiko a kira ni. Na same shi yana shan shayi, yana ganina ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya.

"Ya khayyat," ya ce yana share hawaye, "me ya kai ka?"

Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya, cewa na ji za a sallami direba ɗaya, na ga ba ni da abin da zan nuna.

"Wa ya ce maka kai ne? Shi ɗan Sudan, kamfanin ƙanena zai koma, an gama magana tun watan jiya. Kai ko na so in sallame ka, mahaifiyata ba za ta bari ba. Ta ce ba ta shiga motar kowa sai taka, wai duk Jidda kai kaɗai ne direban da ke tsoron mutuwa."

Ya jawo takardun sabunta iƙamata daga aljihun tebur ya sa hannu. Ashe kwana goma suka yi a wurin suna jira. Ya ce in mayar wa Usman kayarsa, kuma in tafi da Hajiya Balaraba ta yi mini rakiya.

Shekara shida na ƙara yi a gidan, kuma har na bar shi ba wanda ya sake kirana da sunan yanka, daga maigida har mai gadi, kowa Khayyat. Abin da na koya shi ne, tsoron nan da nake ta ɓoyewa ashe shi ke ciyar da iyalina, jarumtar da na aro kuwa ko wando ba ta bar ni da shi ba. Tun daga ranar, in aka tambaye ni abin da na iya, sai in ce tuƙi, shi ma a hankali.