Nomau da Teburin Lantana

A garin Rafin Ɗinya an yi wani mutum ana kiransa Nomau. Manomi ne, ba malalaci ba, ba kuma mai faɗa ba. Matsalarsa guda ce: duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. In ka ce ya ba ka hannu, sai ya tambaye ka wanne, da kuma yaushe za ka mayar masa. Su biyu ne a gidan, shi da matarsa Lantana, sai jaki ɗaya da 'yan kaji. Ita Lantana a Kaduna ta girma, a hannun gwaggonta mai dafa abincin biki, kuma a can ta koyi yadda ake shirya tebur in za a yi baƙi, kowane lokaci da irin adonsa. Da gwaggon ta tsufa ta ajiye sana'a, sai ta aiko mata da babban teburinta na katako da kujeru shida a bayan motar kaya. Nomau ya zagaya shi sau uku, ya ce, "Wannan gadon ai ya yi tudu da yawa." Lantana ta ce ba gado ba ne, a kansa ake cin abinci. Matan garin suka yi ta dariya, suna cewa tabarma ta yi mata kaɗan. Ita kuwa ta ci alwashin sai sun zo sun gani da idonsu sun yaba.

Wata rana, ranar ƙaramar Sallah, Lantana ta gayyaci matan unguwa cin tuwo. Aiki ya yi mata yawa a madafa, sai ta leƙo ta ce, "Maigida, don Allah ka taimaka ka yi wa teburin nan kwalliya kafin in gama miya." Nomau ya ce to. Ya shiga ɗakinta ya kwaso kayan kwalliya. Ya duba teburin sama da ƙasa bai ga ido ba, sai ya zana masa guda biyu da gawayi, ya zizara musu kwalli. Ya shafe saman da hoda, ya yi masa baki da jan-baki, ya ɗaura masa ɗankwali a kusurwa ɗaya. Ƙafafun nan huɗu kuwa ya kwaɓa lalle ya lafta musu, ya naɗe da leda. Da mata suka yi sallama suka shigo, sai suka tarar tebur yana kallonsu. Wata ta saki kwanon da ta riƙo, wata ta zauna a ƙasa don dariya.

Lantana ta fito da ludayi a hannu, ta ce, "Maigida, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kwalliya. 'Yan kunne ne kawai ban sa masa ba, na rasa inda kunnensa yake."

Kwana uku tana wanke jan-baki. Lallen kuwa ya kama sosai, har yau ƙafafun teburin ja ne.

Wata rana da damina ta zauna, Lantana ta sayi koren yadi ta shimfiɗa wa teburin, don ungozomar garin da wata malamar asibiti za su zo mata yini. Ta ce wa Nomau, "Ka je bakin rafi ka tsinko furanni masu kyau, ka sa su a ruwa kada su yi yaushi." Ya je ya tsinko hannu cike, ya watsa su cikin rafin, ya tsaya yana kallo har suka sha kwana. Ya dawo hannu wayam. Ta ce ina furannin? Ya ce, "Suna cikin ruwa. Yanzu haka sun kusa gada." Lantana ta runtse ido, ta yi salati, ta ce, "Bar maganar fure. Ka shiga daji ka samo mini wani abu da za a ajiye a tsakiya, ko mene ne, in dai launinsa ya dace da yadin nan." Nomau ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya ajiye abin da ya samo a kan 'yan ganyaye a tsakiyar tebur, kuma gaskiya launin ya dace, don har baƙi suka zauna suka fara shan kunu ba wanda ya lura da shi. Sai da ƙuda ya sauka a bakin kofin malamar asibiti, sannan wani dogon harshe ya fito daga cikin ganye ya lashe shi. Ashe hawainiya ce. Malama ta yi ihu ta bar takalminta, ungozoma ta bi bayanta tana neman tsari. Nomau ya tsaya a ƙofa ya rasa abin da ya kore su. Ya ce wa matarsa, "Ni fa sauƙi na nema miki. Wannan ko gobe kin canza yadin zuwa ja, ba sai na sake shiga daji ba."

Wata rana, washegarin babbar Sallah, aka fitar da teburin zuwa zaure, domin Liman da Mai unguwa da wasu maƙwabta za su zo cin nama. Wannan karon Lantana da kanta ta yi adon tsakiya, ta jera lemo da goro a faifai, ta kewaye da ganyen mangwaro. Abu ɗaya ta bar wa Nomau, tun da ita ba za ta fito zaure ba. Ta ce, "Ka raba wa kowa kwano gwargwadon girmansa. Ka ji ko? Gwargwadon girmansa." Ya ce ya ji. Da baƙi suka zauna, sai ya tsaya yana auna su da ido. Liman tsoho ne ɗan siriri, sai aka ajiye masa murfin kofi da tsoka ɗaya a kai. Mai unguwa gajere ne, ya sami ɗan kwanon sha. Shi kuwa Ɗanjummai mai faskare, wanda wucewa kawai ya zo yi aka ce bismillah, ƙato ne kamar rumbu, sai ga Nomau ya turo masa daron wanki cike da nama. Ɗanjummai ya kasa ɗaga kai don kunya. Liman ya dubi tsokarsa, ya dubi daron, ya ce, "Nomau, wani laifi na yi maka ne?" Nomau ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Ka ƙara ƙiba kafin baɗi, za ka ga canji." Da yamma sai da Lantana ta aika da cinyar rago gidan Liman da ban haƙuri. Ta kuma yi kuka a ranar, ta ce ita da ta so a yaba mata, ga shi ta zama abin labari a bakin rijiya. Nomau ya zauna nesa da ita yana ta juya maganar a ransa, bai gano inda ya kuskure ba.

Wata rana da kaka, an gama yankan gero, Lantana ta shirya abin da ya fi duk na baya nauyi a wurinta. Tana da yayye biyu maza, Alhaji Mudi da Malam Sabi'u, uwa ɗaya uba ɗaya, amma shekara uku ke nan ba sa ga maciji. Wata bishiyar ɗorawa ce da ke kan iyakar gonakin da mahaifinsu ya bari ta haɗa su, kowa ya ce tasa ce. Maganar ta yi tsami har Alhaji Mudi ya fara cewa zai kai ƙara. Lantana ta aika wa kowannensu gayyatar cin sabon tuwo, ba ta gaya masa ɗan'uwansa zai zo ba. Shirinta shi ne ta zaunar da ɗaya a wannan ƙarshen tebur, ɗaya a wancan, ta tara zangarniyar gero da masara da kabewa a tsakani su yi tudu, yadda ba za su haɗa ido ba sai ciki ya ɗauka, sannan ta roƙe su. Da safe ta kira Nomau ta yi masa magana a hankali, kalma kalma.

Ta ce, "Maigida, yau ba ranar wasa ba ce. Tsakiyar teburin nan kaka nake so. Kaka kawai, kada ka ƙara komai. Kuma ta yi tudu, duk wanda ya ɗaga kai ita zai fara gani."

Ya ce, "Kaka? A kan tebur?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ka je ka kawo tun rana ba ta yi ba."

Ya ce, "In ta ƙi fa?"

Lantana tana tankaɗe, ba ta ji wannan ba. Nomau ya ɗaura wa jaki akumari ya kama hanyar Tudun Gabas, inda kakar su Lantana take zaune a gidan wani jikanta. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma bakinta da hankalinta garau. An ɓoye mata rigimar yayyen nan tun farko, wai don kada ranta ya ɓaci. Nomau ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce Lantana na son ta a tsakiyar tebur. Kaka ta ce, "A tsakiyar me?" Ya ce, "Ni ma ban gane ba, Kaka, amma ta ce yau ba ranar wasa ba ce." Tsohuwa ta ɗauki sandarta ta ce a je a gani.

Da suka iso Lantana tana can bayan gida wajen murhu. Nomau ya duba teburin ya ga an jera farantai da cokula, ba wurin zaman mutum, sai ya kwashe su duka ya kai ɗaki. Ya ɗora 'yar kujerar tsakar gida a tsakiya don ta yi tudu, ya sa matashi, ya ɗauki Kaka cak ya ɗora. Tana ta cewa, "Kai Nomau, ka haukace ne?" yana cewa, "Haka aka ce, Kaka." Kafin ta gama gyara zama sai ga sallamar Alhaji Mudi, bayansa kaɗan sai ta Malam Sabi'u. Suka ga juna a tsakar gida, kowa ya ɗaure fuska, Alhaji Mudi har ya juya zai fita. Sai suka ji murya daga sama.

"Wa nake ji kamar Mudi? Wancan kuma tarin Sabi'u ne. Ku matso in taɓa ku."

Suka ɗaga kai suka ga kakarsu zaune a kan tebur da sanda a hannu. Ba damar fita, ba kuma damar zama a kujera a gabanta. Suka zube a ƙasa gefe da gefe suna gaisuwa. A nan Lantana ta fito ɗauke da akushin tuwo, ta ga abin da ke faruwa. Ta dubi Nomau, shi kuma ya nuna mata Kaka da hannu biyu yana murmushi.

Kaka ta ce, "Na ji kun gaishe ni, ban ji kun gaisa ba. Lafiya?"

Yayyen nan biyu suka kau da kai. Ta maimaita. Sai Nomau ya ce, "Kaka, ai ba sa magana. Shekara uku. A kan ɗorawa ne." Lantana ta dafe kai. Tsohuwa ta tambaya wace ɗorawa. Aka ce ta kan iyaka. Ta buga sandarta a kan tebur.

Ta ce, "Wannan ɗorawar ni na shuka ta da hannuna, shekarar da na haifi ubanku. Ba ta kakanku ba ce, ba ta ubanku ba, tawa ce, kuma ban mutu ba tukuna. Shekara uku kuna faɗa a kan kayana, ko ƙwayar kalwa ba wanda ya aiko mini? Daga bana tare za ku kaɗe ta ku kawo mini, in yi daddawa in raba yadda na ga dama. Wanda kuma zai kai ƙara, ni zai kai."

Alhaji Mudi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Kaka." Malam Sabi'u ya ce, "Mun tuba." Ta ce ita ba ta gani sosai, su kawo hannuwansu ta ji. Suka miƙa, ta kama ta haɗa su wuri ɗaya ta riƙe, ta ƙi saki har sai da Malam Sabi'u ya ce, "Yaya, ina wuni," Alhaji Mudi ya amsa.

Da aka zo ci aka nemi farantai aka rasa, Nomau kuma ya ce an ce kada ya ƙara komai, don haka ba zai fito da su ba. Lantana ta shimfiɗa tabarma a gindin tebur ta ajiye akushin. Yayyen nan biyu suka wanke hannu suka ci a kwano ɗaya, Kaka na bisa tana ba su labarin yadda ubansu ya taɓa faɗowa daga ɗorawar nan ya karya haƙori. Lantana ta koma bayan gida ta share hawaye, ta dawo ta ƙara musu miya.

Bayan la'asar, da baƙi suka tafi tare a kan babur ɗaya, Nomau ya sami matarsa a bakin murhu, ya tsuguna nesa kaɗan kamar mai jiran faɗa.

Ya ce, "Yau kuma me na ɓata?"

Ta ce, "Ba ka ɓata komai ba, Maigida. Duk adon da na taɓa yi wa teburin nan, ba wanda ya kai na yau."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi. To yanzu a sauke ta, ko a bar ta a nan har kaka ta wuce?"

Daga can tsakar gida tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Kada wanda ya taɓa ni. Nan sama ya fi iska. A miƙo mini goro."